Hannun Ƙanwata a Randar Nunu

Ƙanwata ta fi ni hannu. Haka aka ce a gidanmu, haka aka ce a gari, kuma yanzu da furfura ta gama cinye kaina ban ga abin ɓoyo ba: maganar nan ta ci mini rai shekara da shekaru. Ba ta fi ni kyau ba, wannan ko makaho ya shafa zai shaida. Ba ta fi ni daka ba, ba ta fi ni jan guga ba, in ana rabon aiki ma ita ce mai ciwon kai. Amma in aka zo kan randar Inna, sai a ce in matsa in ba yarinya wuri.

Ƙauyenmu yana gaba da Matankari kaɗan, a gindin wani tudu mai jan dutse. A lokacin da nake magana gidanmu Azna ne, al'adar kakanni muke bi, sallah ba ta shigo mana ba tukuna. Yau ina da carbina da dardumata, na kuma gode wa Allah, amma ba zan ce an haife ni a kan buzu ba. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ita ce mai giyar nunu ta garin. Ba sayarwa take yi ba. Sau ɗaya take yi a shekara, a wata baƙar randa da ta gada wurin uwarta, wadda ke zaune a ɗan ɗaki bayan rumbu.

Nunu 'ya'yan itacen danya ne, ga wanda ya tashi a birni bai sani ba. Da bazara suke zuba, lokacin da zafi ya kai inda ko kare ba ya son fita. Ɗanye suke faɗowa, kore, sai sun kwanta a ƙasa sannan su yi rawaya su fara ƙamshi. Ɓawon yana da kauri, naman ciki fari ne mai ruwa, ya manne wa ƙwallon kamar ba zai saki ba. Tsintarsu kuwa gasa ce tsakaninka da awaki. In ka makara ka tarar da akuya ta riga ka, tana tsaye tana tuƙa tana kallonka ido cikin ido, ba ko kunya.

Matan wasu garuruwa suna fasa nunu da ƙahon akuya, su matse ruwan, su zubar da ɓawo. Tasu giyar fara take fitowa, mai zaƙi-zaƙi, ta shiga ciki ba sallama. Inna ba ta zubar da ɓawo. Sai ta fasa, ta matse, ta mai da ɓawon cikin randa tare da ruwan, ta rufe da faifai. Washegari abin ya fara motsi, ɓawon ya taso sama ya yi tuli cikin kumfa. Daga nan safe da yamma sai an sa hannu har gwiwar hannu an danna shi ƙasa, don in ya bushe a sama ƙudaje su samu gida, komai ya lalace. Muciya ba ta shiga, ludayi ba ya shiga, hannu kawai. A hankali ruwan yakan bar farinsa ya ɗauki launin ɓawo, ya wuce rawaya, ya koma kamar ruwan da aka wanke lalle a ciki. Sai ranar da mai hannu ta ɗanɗana ta ce ya isa, a tace da rariya.

Nan ne duk gwanintar take. In aka cire ɓawo da wuri, abin ya fito salam, ba gaba ba baya. In aka bar shi ya wuce, ɗaci ya hau, harshe ya ɗaure. Wanda aka dace da shi kuwa, ƙamshinsa yakan riga shi zuwa, ƙamshin nunu da wani abu kamar busasshiyar ciyawa. Kurɓin farko ɗan tsami ne da ɗan zaƙi. Sai ka haɗiye sannan baurin ya zo, ya kama dasashi, ya bushe maka baki, har ka ji kana neman wani kurɓin. Ina rubuta wannan yawuna yana tsinkewa, Allah ya yafe mini.

Abin da ake yi da giyar shi ne, kafin ruwan shuka dattawan gari sukan taru da hantsi a gindin babbar danya ta bakin gari. A zuba ƙoƙon farko a ƙasa saboda iskokin wurin, sannan ƙwarya ta zagaya. In ta dawo hannun babban dattijo, sai ya bar ɗan saura a ciki, ya ɗaga murya ya tambayi wa ke da hannun bana. Mai hannun ta fito daga cikin mata, ta durƙusa, ya miƙa mata ƙwaryar ta shanye a gaban kowa, mata su rangaɗa guɗa. Shi ke nan ladan, ba zane ba akuya. Amma ni tun ina da ƙirgen dangi babu abin da nake so a duniya kamar in durƙusa a wurin nan.

Ni ce babba, don haka ni Inna ta fara sa wa hannu a randa. Rashin sa'a, shekarar an yi wani zafi da ko tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Na danna ɓawo safe da yamma kamar yadda aka nuna mini, amma kafin ranar tacewa abin ya juye, ya yi tsamin da ko jaki ba zai kusanta ba. Inna ta ɗanɗana, ta tofar, ta kama hannuna ta juya shi tana dubawa.

Ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Hannunki na da zahi, ɗiyata. Ba laihinki ba na, haka anka halicce ki.”

Na ce, “Inna, rana ta fa. Kowa na hwaɗin zahin bana.”

Ta ce, “Rana ta daɗe tana hitowa, randag ga ba ta taɓa yin haka ba.”

Shari'a ta ƙare ke nan, ba ɗaukaka ƙara. Da shekara ta zagayo aka sa ƙanwata, wadda sai ta taka turmi hannunta ke kai tsakiyar randa. Aka yi bazara mai sauƙi, giya ta yi kyau, aka ce yarinya tana da hannu mai sanyi. Ni kuwa aka ba ni kwando.

Shekara nawa na yi ina tsintar nunu! Ni ce cikin ƙaya, ni ce cikin rana, ni ce mai faɗa da awaki. Na san wace danya ce ke ba da masu zaƙi, wace ce 'ya'yanta ke da kaurin ɓawo. In kawo, in zube a inuwa, in zauna in fasa har yatsuna su yi kanta. Da an zo zubawa a randa sai Inna ta ce in tsaya daga bakin ƙofa. Ƙanwata ta taso daga barcinta tana miƙa, ta tsoma hannu, ta danna sau biyu uku tana hamma, ta lashi yatsa ta ce, “Sai gobe.” Ranar taro kuwa ita ce a durƙushe, ni ina baya cikin masu guɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Guɗar ma ina yi, don kada a ce.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba ta damu ba. Da tana yi mini yanga, da na samu abin kamawa, mu yi faɗa in huce. Ina! Ta shanye ƙwaryar dattawa tana yatsine fuska, ta dawo ta raɗa mini cewa bauri ya ɗaure mata baki, ko ina da ƙwallon nunu in fasa mata ta ci. In fasa mata kuma, don ƙanwata ce, ina sonta. Son da ƙyashin a tukunya ɗaya suke dahuwa, ban taɓa iya raba su ba.

Ko da na yi aure ban huta ba, don gidan mijina katanga ɗaya ce tsakaninsa da namu, kwandona yana nan yana jirana duk bazara. Mijin nawa ma, bawan Allah, ya dawo daga taro yana lasar baki yana ce mini, “Kai, ƙanwarki dai!” Ranar gishiri ya yi yawa a miyarsa, kuma ba kuskure ba ne.

Akwai wani tsohon soja a garinmu da ya yi yaƙin Turawa har ƙasar Faransa, ya dawo da lambar ƙarfe a ƙirji da ɗingishi a ƙafa. Shi ne ya fi kowa zuga yarinyar nan. In ƙwarya ta zo hannunsa sai ya ɗaga ta wajen haske, ya sunsuna, ya kurɓa ya riƙe a baki, duk don a san ya ga duniya.

Yakan ce, “Can inda nit tahi, na ga yadda Nasara ka yi da hwarin inabi. Matse shi sukai su yas da ɓawo, abin ya hito hwari tas. Ka sha, ya wuce, shi ke nan, ba ya da baya. Wagga kuwa in ta wuce maƙoshi sai ta waiwayo ta gaishe ka. Da kumandan mai mulkinmu ya san da yarinyag ga, da ya aika ta Faransa ta koya musu.”

Kowace shekara sai ya faɗa, kowace shekara a yi dariya kamar ba a taɓa ji ba. Ni kuwa in ce a raina, Allah ya sa a aika ta ɗin, jirgin ya manta hanyar dawowa.

To, sai ga shi an sauke tutar Faransa, aka ce mun samu mulkin kai. Mu a ƙauye abin da muka gani shi ne kumandan ya zama baƙin mutum, 'yan kasuwa da malamai kuma suka yawaita a hanya. A cikinsu akwai wani saurayi mai sayar da atamfa a Dogon Dutsi, mai keke da farar hula. Ya ga ƙanwata a kasuwar Matankari, ya fara zuwa. Ita ma ta mutu a kansa, ba wanda ya tura ta. Da magana ta yi nisa ya ce abu ɗaya yake roƙo, ta kama sallah ta bar randa. Na zaci za ta yi kuka, ko ta nemi kwana biyu ta yi tunani. Wallahi ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta ce ta bari. Abin da na kwana na tashi da shi tun ina yarinya, ita ta ajiye shi kamar tsohon faifai. Har wannan ma sai da na yi ƙyashinsa.

Aka yi biki bayan kaka, aka kai ta Dogon Dutsi. Hassada ga mai rabo taki ce, in ji masu magana, to ni na zuba mata taki mai yawa.

Bazara ta zo, nunu ya fara zuba. Inna a lokacin sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ba ta iya dunƙule hannu, harshenta ma ta ce ya dushe. Na tara nunu kamar kullum, na fasa, na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Ta daɗe tana kallon randa, tana kallon hannunta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Shigo. Tunda babu wani.”

Ba gayyatar girma ba ce, amma na shiga da gudu. Na yi wa randar nan hidimar da ban yi wa ɗana na fari ba. Kafin in taɓa sai na jiƙa hannuna a ruwan tulu har ya yi sanyi. Na yayyafa wa ƙasan ɗakin ruwa, na lulluɓe randa da jiƙaƙƙen buhu, na toshe kafar da rana ke shigowa. Na kuma yi abin da na daɗe ina ƙullawa a raina. Ƙanwata saurin tacewa take yi, don ba ta son bauri. Ni na san ɓawon yana da sauran abin bayarwa. Ranar da, da ita ce, za ta ce ya isa, na ɗanɗana na mai da faifai na rufe. Inna ta yi tsaki daga inda take zaune, na yi kamar ban ji ba. Sai da launin ya ƙara duhu, ya yi ja-ja, sannan na tace. Na kurɓa ni kaɗai a cikin ɗakin. Ban taɓa shan irinta ba, kuma ba don tawa ce nake faɗa ba.

Ranar taro na yi kitso, na ɗaura zanen aurena, na tsaya a gaban layin mata. Aka zuba wa ƙasa nata, ƙwarya ta fara zagayawa. Na ga dattawa suna kurɓa suna duban juna. Tsohon soja ya ɗaga ta wajen haske, ya riƙe a baki ya daɗe, ya ce, “Kai! Ta bana ta hi ta bara.” Na gyara ɗaurin zanena. Ƙwarya ta koma hannun babban dattijo, ya rage saura, ya ɗaga murya.

“Wa ad da hannun bana?”

Na riga na ɗaga ƙafa. Sai na ji muryar Inna daga gefe.

“Hannun ƙaramar na, Baba. Randa ba a wanke ta, kun sani. Abin da ta bari bara shi at tushe, shi yat tada ta bana. Wagga dai ta danna ɓawo, ta kuma yi ƙoƙari.”

Gaskiya ne ba a wanke randar, abin da ya bushe a gindinta shi ke ta da sabuwa. Amma haka ƙanwata ma ta same ta, da busasshen na Inna a ciki, ba wanda ya ce hannun Inna ne. Dattawa suka gyaɗa kai, tsohon soja ya ce ai shi dama ya ji hannun yarinyar. Tunda mai hannu ba ta nan, aka juye sauran a gindin danya. Ina tsaye da kitsona ina kallon ƙasa tana shanye rabona.

Ba mugunta Inna ta yi ba, na sani. Ta riga ta yanke cewa hannuna yana ɓata abu, to in abu ya yi kyau dole ta nemo masa wani mai shi. Amma sanin haka bai kashe mini wuta ba. Na ce mutum ɗaya ne zai raba gardamar nan. Ƙanwata ta san tata, in ta ji wannan za ta ce ba tata ba ce, ta aiko wa Inna da magana. Abin da Inna ba za ta karɓa daga bakina ba, daga bakin 'yar lelenta za ta karɓa.

Akwai ragowar da na ɓoye a ɗan tulu. Ranar kasuwar Dogon Dutsi na ɗura a gora, na toshe da ɓawon masara, na sa cikin ƙwarya na rufe da tsumma, na bi matan garinmu masu kai kuka da daddawa. Ni da na tashi a gindin randa na fi kowa sanin giyar nunu ba ta tafiya. A inuwa ma kwananta kaɗan ne, balle a kan mutum cikin ranar bazara, ana jijjiga ta a hanya. Na sani sarai. Amma mai ƙyashi ba ya jin kira, ko da kansa ne ke kiransa. Ina tafe ina jin gorar tana tsiyaya tana huci a kaina, ina ce wa kaina ƙarfi take ƙarawa.

Rana ta take tsaka muka shiga gari. Gidan ƙanwata yana kusa da kasuwa, da ƙofar langa-langa. Ta fito da gudu ta rungume ni, ta yi ƙiba, ta yi haske, ga lulluɓi ga ƙamshin turare. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura a kwanon sha mai fure, tana tambayar Inna da yatsunta, da ɗana, da akuyarta da ta bari. Randa kuwa ko a hanya ba ta tambaya ba. Sai da na gaji na jawo ƙwaryata na yaye tsumma. Da ta ga gora fuskarta ta canja, ta leƙa ƙofa.

“Yaya, mi kinka kawo min cikin gida? In maigida ya shigo fa?”

“Ba sha za ki yi ba. Taɓa da halshe kawai ki tohe. Ni niy yi ta bana, Inna ta ce hannunki na. Ina son ki ji, ki hwaɗi gaskiya.”

Ta dube ni, ina jin sai a lokacin ta gane abin da ya sa na tako wannan rana. Ta ce ba za ta taɓa da baki ba, ta yi alkawari, amma za ta sunsuna, hanci ma ya isa. Muka zagaya bayan madafa. Na zare toshiyar, abin ya yi tsartuwa ya jiƙa mini zane.

Ban buƙaci hancinta ba, nawa ya riga ya gaya mini. Tsami ne tsagwaronsa, irin mai hawa ido. Launin nan mai kyau ya dagule, ƙamshin ya tafi. Ƙanwata ta kai gorar hanci, ta janye da sauri. Na tsaya ina jiran ta yi dariya. Da ta yi, da na kwaɗa mata gorar, mu yi kokawa a bayan madafa kamar muna yara, in koma gida da sauƙin zuciya.

Ba ta yi ba. Ta mai da toshiyar a hankali, ta ciro gefen lulluɓinta tana goge mini zane.

Ta ce, “Hanya ta, Yaya. Rana ta yi yawa. Na san da tana da daɗi.” Ta ƙara rage murya. “Kar ki damu, ba ni hwaɗa ma Inna.”

Ta cika alkawari kuwa, har Inna ta koma ga Allah ba ta ji ba. Ta tuttule gorar a kwata da hannunta, ta ɗauraye, ta cika mini ita da ruwan sanyi saboda hanya, ta ƙara mini da turmin atamfa. Na karɓa na yi godiya. Mun tsufa tare, jikokinmu suna wasa da juna, na yafe mata hannunta, na yafe mata ƙwaryar dattawa. Tausayin nan da ta ji mini a bayan madafa ne har yau ban yafe ba.